Me Ya Sa Aka Shekara 90 Ana Rufe Gidajen Giya Ranar Juma'a Mai Kyau a Ayalan?

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa: "Malam, ƙanena yana karatu a Dublin. Ya ce tsofaffin garin suna ba shi labari cewa a da, ranar Juma'ar da ke gab da Ista, doka ta hana sayar da giya ko ta kwabo a duk faɗin ƙasar. Ni kuwa a sanina addinin Kirista bai haramta giya ba, har a coci ana amfani da ruwan inabi. To wannan hani daga ina ya fito? Coci ne ya sa ko gwamnati? Kuma me ya sa aka daina?"

Ɗan'uwa, abin da aka gaya wa ƙanenka haka yake, kai ma saninka bai yi ƙarya ba. Daga 1927 har zuwa 2017, duk shekara idan Juma'a Mai Kyau ta zagayo, gidajen giya na Jamhuriyar Ayalan a garƙame suke wuni, kantuna ma ba su da ikon sayar da ko kwalba ɗaya. Majalisar dokoki ce ta kafa hanin, ita ce kuma ta soke shi a farkon 2018. Dokokin azumi na cocin Katolika ko ambaton giya ba su yi ba. Amma in na tsaya a nan na cuce ka, domin ruwa ba ya tsami banza. Da ba don yadda mutanen ƙasar suka ɗauki wannan rana ba, da majalisa ko a mafarki ba ta kawo irin wannan doka ba.

Mu fara da ranar kanta. Juma'a Mai Kyau ita ce ranar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Yesu Almasihu kamar yadda suka yi imani, Lahadin da ta biyo baya kuma ita ce Ista, ranar murnar tashinsa. Wato Juma'ar ranar makoki ce. A harshen Ayalan na asali sunanta Aoine an Chéasta, ma'ana Juma'ar azabtarwa, kuma wannan suna ya fi nuna yanayinta. A cocin Katolika ita ce rana ɗaya tilo a shekara da ba a yin babbar ibadar nan ta Mas. Ana kwashe duk wani ƙyalle da ado daga kan bagade, ƙararrawa ba ta kaɗawa, sai a taru da misalin ƙarfe uku na rana, lokacin da Linjila ta ce ya cika. A ƙauyukan Ayalan na da, tsofaffi shayi ba madara da busasshen burodi suke wuni da shi, kafinta ba ya buga ƙusa, mahauci ba ya zubar da jini. Ka yi tunanin gidan da aka yi rasuwa, ana zaman makoki a ƙofar gida, sai ga maƙwabci ya kunna kiɗa. Ba wanda zai ce kiɗan ne laifi a kowace rana, amma yau kowa zai ce bai kyauta ba. Da wannan ido ake kallon gidan giya a ranar.

Azumin nasu ba irin na watan Ramadan ba ne. A tsarin Katolika na yanzu, ranakun azumi na wajibi biyu ne, Larabar Toka, wato ranar farko ta azumin kwanaki 40 na gabanin Ista, da Juma'a Mai Kyau. Wanda ke tsakanin shekara 18 da 59 zai ci abinci na ƙoshi sau ɗaya, ya ɗan taɓa kaɗan sau biyu, daga shekara 14 kuma ba a cin nama. Abin sha ba ya karya wannan azumi. Shi ya sa a ƙarni na 17 wasu 'yan zuhudu a birnin Munich na Jamus suke dafa giya mai kauri musamman don kwanaki 40 na azumin gabanin Ista, tana tsaya musu a madadin abinci, kuma har yau ana sayar da irinta da sunan Salvator. Cocin Orthodox na gabas ne ya fi tsanani a nan, domin a ranakun azuminsu masu nauyi ana barin ruwan inabi da man zaitun gaba ɗaya. Littafi Mai Tsarki kansa maye ya yi wa kashedi: wasiƙar Bulus ga Afisawa ta ce kada a bugu da ruwan inabi, alhali Linjilar Yahaya ta ba da labarin bikin aure a Kana inda Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi. Saboda haka tambayarka tana kan hanya.

Wani abin da ke burge ni game da Ayalan shi ne yadda azumi ya shiga har cikin sunayen ranakun mako. Laraba a harshensu Céadaoin ce, wato azumin farko. Juma'a Aoine, azumi kawai. Alhamis kuma Déardaoin, ranar da ke tsakanin azumi biyu. Mutanen da suka yi ƙarnoni suna kiran kowace Juma'a "azumi", ba sai an sha wuya wajen shawo kansu su rufe gidan giya a babbar Juma'ar shekara ba.

Sai dai al'ada kaɗai ba ta isa ta zama doka ba. Abu na biyu da ya shigo shi ne yaƙi da shaye-shaye, wanda ya kankama a ƙarni na 19. A 1838 wani limamin Katolika, Fada Theobald Mathew, ya fara kamfe a birnin Cork yana ɗaukar wa mutane alkawarin barin giya kwata-kwata, kuma cikin 'yan shekaru miliyoyi suka ɗauka. Guguwar ta lafa bayan babbar yunwar shekarun 1840, amma a 1898 Fada James Cullen ya kafa ƙungiyar Pioneer a Dublin, wadda 'ya'yanta ke maƙala ƙaramin baji a ƙirjin kwat don a san ba sa sha. Waɗannan mutane ba su ce giya haram ce ba. Cewa suke yi sun bar halal don Allah, domin su rama wa waɗanda giya ta lalata wa gida. Kuma akwai siyasa a ciki. Turawan Ingila sun daɗe suna zana ɗan Ayalan a jaridunsu a matsayin mashayi mai faɗa, masu fafutukar 'yanci kuwa suna cewa ƙasa ba za ta 'yantu ba sai ta farfaɗo daga maye.

Da aka samu mulkin kai daga Birtaniya a 1922, sabuwar gwamnati tana son nuna wa duniya cewa ƙasa ce mai kamun kai, kuma ta Katolika. Ƙidayar 1926 ta nuna kusan kashi 93 cikin 100 na jama'ar Katolika ne. Ministan shari'a na lokacin, Kevin O'Higgins, mutum ne mai taurin kai, ya yi ta kai ruwa rana da masu gidajen giya, waɗanda a lokacin ƙarfinsu a siyasa ba kaɗan ba ne. Dokar 1927 tasa ce. Ta rage sa'o'in sayarwa, ta buɗe hanyar rage yawan lasisi tare da biyan diyya, ta kuma ware ranaku uku da ba a sayarwa sam: Kirsimeti, Juma'a Mai Kyau, da 17 ga Maris, ranar Waliyyi Patrick, babban waliyyin ƙasar, wadda kullum cikin kwanakin azumin gabanin Ista take faɗowa. Har ta sa a riƙa rufe gidajen giya na manyan birane daga biyu da rabi zuwa uku da rabi na rana a ranakun aiki, don ma'aikaci ya tashi ya koma bakin aikinsa. Mutanen Dublin, da yake ba a raba su da barkwanci, suka laƙaba wa wannan lokaci "sa'a mai tsarki", ko da yake babu abin da ya haɗa shi da ibada. O'Higgins bai ga amfanin dokarsa ba, an harbe shi a watan Yulin shekarar a kan hanyarsa ta zuwa coci, kan tsohuwar gabar yaƙin basasa.

Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi, kuma nan ne za ka gane cewa ranar ake wa kara. Dokar sayarwa ta hana. Wanda ya sha a ɗakinsa ba ruwan ɗan sanda da shi. Ko sayarwar ma an bar ƙofofi. Matafiyi mai tikiti yana iya saya a tashar jirgin ƙasa ko cikin jirgin, haka a jirgin ruwa da filin jirgin sama. Baƙon da ya kama ɗaki a otal ana iya ba shi tare da abinci. Gidajen wasan kwaikwayo masu lasisi da filayen tseren karnuka su ma suna da rangwame. Sai ka ga mutumin da ba shi da ko ƙanen kaka a wani gari ya yanki tikitin jirgi, ya zauna a mashayar tasha har dare, jirgi ya zo ya wuce yana kallo. A shekarun da ake rufewa ranar Waliyyi Patrick kuwa, wurin baje kolin karnuka na Dublin yana da izinin sayarwa, sai ya zama duk shekara ana samun cincirindon "masoya karnuka" da ba su san bambancin kare da kyanwa ba. Dokar 1960 ce ta cire ranar Patrick daga jerin.

Na ga ƙarshen wannan zamani da idona lokacin da nake karatu a Dublin. Shekarata ta farko, ranar Alhamis da yamma, na shiga babban kantin unguwarmu sayen shinkafa da madara, ban san dawan garin ba. Na tarar da layi har bayan kanti, kowa da keken sayayya shaƙe da katan-katan na giya, sai ƙarar kwalabe kake ji kamar ana kwashe kayan amarya. Wata dattijuwa da ke gabana ta dubi ledar shinkafata, ta dubi nata lodin, ta yi dariya ta ce, "Gobe a rufe ake, ɗana." Kwana ɗaya tak za a rufe, amma sayayyar ta mako guda ce. Washegari na koma, na tarar an lulluɓe kantocin giyar da baƙar leda an ɗaure da igiya. A kan hanyar gida na ga mai gidan giyar kusurwar layinmu a kan tsani, da tsohuwar riga duk fenti, yana shafe ƙofarsa, yaransa kuma sun fito da kujeru waje suna goge daɓe. Ya ce min a shekara ranaku biyu kawai yake da su, ɗaya ta iyali ce, ɗaya ta fenti. Da dare kuwa gidajen ɗalibai suka ɗauki kiɗa har asuba. Ni da ba na sha, a daren ranar makokin ne na fi rasa barci a duk shekarar.

Wannan shi ne babban abin da masu sukar dokar suka riƙe, kuma a ganina suna da gaskiya a nan: an yi gudun gara an faɗa gidan zago. An rufe wurin da ake sha da awo, a gaban jama'a, da mai gida da zai ce wa mutum ya isa haka, an tura mutane gida inda babu mai cewa komai. Wani abin mamaki kuma, Juma'a Mai Kyau ba ta cikin ranakun hutu na doka a Ayalan. Bankuna da makarantu suna rufewa, amma ma'aikaci ba shi da haƙƙin hutu a dokance. Ke nan gwamnati ba ta ba ka ranar don ka je coci ba, ta dai hana ka zuwa mashaya.

Tsagewar farko a bango ta bayyana a 2010. An sa wasan zari-ruga tsakanin ƙungiyoyin lardunan Munster da Leinster a filin Thomond Park na birnin Limerick ranar 2 ga Afrilu, wadda ta dace da Juma'a Mai Kyau. Masu gidajen giya suka garzaya kotu suna cewa dubban 'yan kallo za su cika gari su kuma ƙofofinsu a rufe. Alƙali ya ba su izinin buɗewa daga shida na yamma zuwa sha ɗaya da rabi na dare. Wasu limamai sun yi tir, amma gari bai tashi ba, kowa kuma ya lura da hakan. Daga nan ƙungiyoyin masu gidajen giya suka matsa lamba, hujjarsu ita ce 'yan yawon buɗe ido: baƙo ya taso daga Amurka ko Jamus hutun Ista, ya zo ƙasar da ta yi suna da Guinness tun 1759, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Sanata Billy Lawless, wanda shi kansa mai gidajen abinci ne a Chicago, ya gabatar da ƙudurin sokewa. Majalisa ta amince a watan Janairun 2018, Shugaba Michael D. Higgins ya sa hannu, ranar 30 ga Maris 2018 aka buɗe a karon farko cikin shekara 90 da ɗoriya.

Kuɗi ne ya tura ƙofar, amma da ma sakatar ta riga ta ruɓe. Ƙidayar 2016 ta nuna Katolika sun koma kashi 78, ta 2022 kuma kashi 69, masu zuwa coci duk mako sun fi haka raguwa nesa ba kusa ba. Rahotannin cin zarafin yara a cibiyoyin da coci ke gudanarwa sun zubar da kwarjinin bishop-bishop ƙwarai, har ya zama ba su da bakin tsawata wa majalisa kamar da. A shekarar 2018 ɗin dai aka yi ƙuri'ar raba gardama aka cire hanin zubar da ciki daga kundin tsarin mulki, aka kuma cire laifin saɓo. Idan ka jera dokar giya kusa da waɗannan, ƙaramar alhaki ce.

Kada ka ɗauka daga nan aka saki giya ta yi yadda take so. A watan Oktoban 2018 ɗin majalisar ta zartar da wata doka ta kiwon lafiya wadda ta tilasta wa kantuna killace giya a bayan shinge, ta hana tallarta kusa da makarantu, daga Janairun 2022 kuma aka sa mafi ƙarancin farashin da ba a sayarwa ƙasa da shi. Takunkumin da ake sawa da sunan ranar ibada ya koma ana sa shi da sunan hanta da asibiti, kuma na yanzu ya fi na da cizo, tunda kullum ne.

Ba Ayalan kaɗai ta yi irin wannan ba, ko da yake kowace ƙasa da nata salon. A Ayalan ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, a da daga biyar na yamma zuwa sha ɗaya na dare kawai gidajen giya ke sayarwa ranar Juma'a Mai Kyau, sai a 2022 aka cire wannan. A Norwe kantunan gwamnati na Vinmonopolet, waɗanda su kaɗai ke sayar da barasa mai ƙarfi, ba sa buɗewa ran Lahadi da ranakun idin coci. Jamus kuwa ba giya ta hana ba, rawa ta hana: jihohinta suna da dokar hana rawa a bainar jama'a ranar Juma'a Mai Kyau, kowace jiha da tsawon sa'o'inta. A Wales, inda Furotesta masu tsananin kiyaye Lahadi suka yi ƙarfi, an rufe gidajen giya duk Lahadi tun 1881, daga 1961 aka riƙa jefa ƙuri'a gunduma-gunduma, yankin Dwyfor bai buɗe ba sai 1996.

Amurka ce ta fi tona asirin yadda irin waɗannan dokoki ke daɗewa. Tsarin mulkinta ya hana gwamnati fifita addini, amma a 1961 Kotun Ƙoli ta ce dokokin rufe kasuwa ran Lahadi suna nan daram, wai ko da asalinsu addini ne, yanzu manufarsu ranar hutu ce ga kowa. Jihar Indiana ba ta yarda a sayi giyar tafi-da-gidanka a kantuna ran Lahadi ba sai Maris 2018, kuma cikin waɗanda suka daɗe suna kare hanin har da masu ƙananan shagunan barasa, domin buɗewa ran Lahadi ƙarin albashin ma'aikata ne gare su, riba kuma ta manyan kantuna ce da suke buɗe da ma. Masanin tattalin arziki Bruce Yandle ya yi bayanin wannan a 1983: mai wa'azi yana son a rufe don Allah, mai sayarwa a ɓoye yana son a rufe don kasuwarsa ta buɗe, ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba amma ƙuri'arsu ɗaya ce.

Wataƙila abin da ya ƙara rikita ka shi ne abin da kake gani a gida. A Jos ko Kafanchan ko Mubi za ka ji fasto yana wa'azi da kakkausar murya a kan burkutu da giyar kwalba, ba ruwansa da wace rana ce. Wannan wata jijiya ce daban. Coci-coci irin su ECWA da COCIN da EYN sun samo asali daga mishan na Furotesta da suka zo da aƙidar barin giya gaba ɗaya, suka ɗora mabiyansu a kanta. Limaman Katolika 'yan Ayalan su ma sun yi aiki sosai a Nijeriya, kamfanin Guinness kuma ya kafa masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960, amma dokar Juma'a Mai Kyau ba ta biyo ko ɗayansu ba. A Nijeriya ranar hutu ce ta ƙasa, ba ta zo da rufe gidajen giya ba.

Game da ƙanenka, abin da zai tarar yanzu shi ne Juma'a Mai Kyau ta zama kamar kowace Juma'a a dokance, ko da yake a shekarar farko masu gidajen giya na wasu ƙananan garuruwa, irin su Newmarket a gundumar Cork, sun haɗa baki sun ƙi buɗewa, kuma har yanzu akan samu mai gidan da ke riƙe ranarsa ta fenti. Kantuna suna sayar da giya daga goma da rabi na safe zuwa goma na dare, ran Lahadi da ranar Waliyyi Patrick kuma sai daga sha biyu da rabi na rana, lokacin da a da ake tasowa daga coci. Cikin ranaku ukun 1927 saura Kirsimeti kaɗai. Ranar 25 ga Disamba gidajen giya da kantunan barasa a rufe suke a duk ƙasar, kuma ƙungiyoyin nan da suka yi shekaru suna kai gwauro suna kai mari a kan Juma'a Mai Kyau ba su ɗaga murya a kan wannan ba. Masu gidajen da ma'aikatansu su ma a gida suke son cin abincin rana tare da 'ya'yansu.